Tukunyar da Ba Ta da Takardu

Ko zan manta da komai na zamanmu a Bronx, ba zan manta da ranar da gwamnati ta ƙi amincewa da tukunyar surukata ba.

Hukumar birni ce ta ɓullo da wani shiri na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Aka zaɓi benenmu a unguwar Tremont don gwaji: a cire murhun gas, a sa na lantarki kyauta. Ni dai, gaskiya, ɗumamar duniya ba ta taɓa hana ni barci ba. Tarin ɗana na fari ne yake hana ni. Yana da asma, likita kuma ya ce gas ɗin girki na tayar masa da ita. Don haka da gudu na amince. Aka kawo murhu, baƙin gilashi sumul kamar an kwantar da talabijin, da wasu 'yan tukwane da ko miyar gida ɗaya ba za su ɗauka ba.

Ba a jima ba na haihu. Hajiya surukata ta taso daga Kano da katuwar tukunyarta ta dalma, wadda sai da ta rage kayan sawarta kafin ta shiga akwati. Ranar suna da safe ta ɗora ruwan tuwo. Murhu ya yi 'yar ƙara, ya mutu. Ta sake kunnawa, ya sake mutuwa. Ga baƙi za su fara sallama bayan azahar.

Na kira mutumin shirin a waya. Cikin fara'arsa mai ban haushi ya ce ƙarfe kawai murhun ya sani, in ɗauko maganaɗisu daga jikin firij in manna wa tukunyar, in ya kama to ta cancanta. Na manna. Ya sulale ya faɗi ƙasa. Na fassara wa Hajiya.

Ta daɗe tana kallona. "Wato ita ma sai da biza? Ni an tantance ni, yanzu kuma tukunyar da ta yi tuwon sunan mijinki. 'Yar nan, a kira mai benen ya mayar da gas yau ɗin nan."

Mijina, da yake jarumi ne, nan take ya tuna bai sayo lemo ba, ya fice. Na san in Hajiya ta kafe gas zai dawo, tarin ma ya dawo, ni kuma ba ni da bakin musu da ita.

Maƙwabciyata 'yar Zangon Kumasi ce ta jiyo mu. Ta shigo riƙe da wani tsohon kaskon ƙarfe mai faɗi, ta aza a murhu, ta ɗora tukunyar a kansa. "Hajiya, kasko na da takardu," in ji ta. "Auren takarda za mu ɗaura masu." Murhu ya ga ƙarfe, bai ƙara tambaya ba.

Ruwan ya yi nawa kafin ya tafasa, baƙi sai bayan la'asar suka ga tuwo. Hajiya tana tuƙi tana yi wa gwamnati tatas, ɗana na fari yana zaune a gefenta, tana masa Hausa yana mayar mata da Turanci. Can ta tsaya da muciya a hannu.

"Wai ba yaron nan kuka ce ba ya iya zaman kicin ba? Tun safe yana nan, ban ji tarinsa ba."

Na ce, "Haka ne, Hajiya." Sai hawaye, don farin ciki ya fi ƙarfina.

Ta ci gaba da tuƙi. "To a bar musu abinsu. Amma a gaya wa 'yar Kumasi, angon nan ya tare ke nan."

Tun ranar na gane cewa masu son gyara duniya sukan yi daidai, amma da za su fara leƙa kicin su tambayi da wace tukunya muke girki, da sun rage mana wahala. Kaskon yana nan har yau, yaron kuma ƙwallo yake bugawa.