Gwazan Hajja

A unguwar Karantina muka tashi, can ƙasa mai tsarki, a gidan kakarmu Hajja. Bayan ɗakinta akwai wani tsohon baho cike da gwaza, irin da ta taho da shi daga Sudan, da ruwan alwalarta take shayar da shi. In an idar da isha'i sai ta hura gawayi, ta ɗora shayi, mu kewaye ta.

"Ga wata nan tafe," haka take buɗe tatsuniya.

"Ta ƙaraso mu ji!"

"Kai Usman, janye ƙafarka daga wuta, ko kai za mu gasa?"

Wai wata mata ce mai gonar gwaza. Baƙo ya sauka da yunwa, ta ce ya jira tukunya ta tafasa. Bai jira ba, ya gatsa ɗanye. Maƙogwaronsa ya kama ƙaiƙayi, ya ruga kasuwa yana ihu an ba shi guba. Mutanen gari suka zo suka tumɓuke gonar ƙaƙaf. Da shekarar fari ta zo, ba abin haƙa a ƙasa.

"Ko mutum ɗaya bai tambaye ta ba!" in ji Hajja, tana kaɗa mafici har tartsatsi ya tashi.

Bayan rasuwarta bahon ya dawo hannuna. Da aka zo rushe unguwar, ina fama da kwashe shagona na shuke-shuken ado, sai na kai wa Yaya Usman shi a gidansa na unguwar Madain Fahd ya ajiye mini. Ranar da na je ɗauka na tarar da wurin wayam.

"Yaya, ina bahon Hajja?"

"Halas, zance ya ƙare, na zubar. Yarinyata ta tauna ganyen, bakinta ya kumbura."

Yarinyar kuwa ga ta can tana tsalle, madara aka ba ta abin ya wuce.

"Me ya hana ka kira ni?"

"Ya akhi, haba ɗan'uwa, ciyawa ce fa!"

Ciyawa! A falonsa akwai wata shuka mai faffaɗan ganye da ya saya a wurina, daga ƙasashen Asiya nake shigo da ita. Dangin gwaza ce, ƙaiƙayinsu ɗaya, kuma na faɗa masa tun ranar. Ita dai tana cikin tukunya mai sheƙi, ba wanda ya taɓa ta. Na sauka wurin shara da gudu, mota ta riga ta kwashe.

Da ina yaro na ɗauka baƙon nan Hajja take zagi, don bai da haƙuri. Sai yanzu na gane da mutanen gari take. Shi baƙo yunwa ta kora shi, su kuwa da ƙoshinsu suka ɗauko fartanya. Ina gaishe da Yaya kamar kullum, amma ko allura ban ƙara ba shi ajiya ba.