Aska Ɗaya a Ƙofar Masaƙa

Gashin kaina ya yi fari, abubuwa da yawa sun shige mini, amma akwai guda ɗaya da ba zan manta ba har a sa ni a kabari. Duk lokacin da na tuna shi, haushin kaina nake ji.

A ƙarshen shekarun 1980 ina wanzanci a Kakuri. Nakan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro kusa da ƙofar wata masaƙa, in ma'aikata sun tashi su biyo, wannan aski, wancan ƙaho. Aska ɗaya gare ni, gadon mahaifina. In na gama da mutum sai in goge ta a tafin hannu, in kira na gaba. Haka na taras ana yi.

Cikin masu zuwa akwai wani direban masaƙar, Kirista daga kudancin jiharmu. Mun yi shekara bakwai muna cin shinkafa da wake a kwano ɗaya. Yakan tsokane ni wai wata rana sai na cire masa kunne, ni kuma in ce kunnen da ba ya jin magana ina amfaninsa.

A lokacin ne rediyo ya fara zancen wata sabuwar cuta da ta tayar wa duniya hankali, ba magani, ba rigakafi. Ita ce ƙanjamau. Mun ji tsoro, amma ba mu tsaya mun ji yadda ake ɗaukarta ba.

Wata Asabar direban ya zo a yi masa ƙaho, ya ce jiki ya ƙi daɗi. Da ya tuɓe riga sai na ga haƙarƙari a waje, ga ƙuraje, ga kumburi a wuya. Na yi tsaga, na ja jini. Yana mai da riga ya ce a hankali, "Wanzam, abin da ka gani ya tsaya a tabarmar nan." Na ce masa kada ya damu.

Kafin la'asar na gaya wa mutum uku. A sana'armu, abin da wanzami ya gani a jikin mutum amana ne, mahaifina ya sha faɗa mini. Na ce wa kaina ceton jama'a nake yi. Ƙarya ce. Daɗi na ji da aka zagaye ni ana sauraro.

Mako bai cika ba abokan aikin direban suka ƙi shiga motarsa. Mai shayi ya fasa kofin da ya sha da shi. Mai gidan da yake haya a unguwar Nasarawa ya watso masa kaya waje, shi da mata da 'ya'ya biyu, alhali mai gidan nan kullum yana sahun gaba a masallaci. Da direban ya zo wurina ya miƙo hannu, na cusa nawa cikin riga. Ya dube ni kawai, ya juya.

Bayan kwana biyu yayarsa ta zo, nas ce, da fararen kayanta, rana tsaka, ina cikin yi wa wani aski. Ta ce eh, an gwada jininsa, cutar ce. Ta ce ba a ɗaukarta a gaisuwa, ba a ɗauka a kwano ko kofi, amma ana ɗauka ta jini.

"Malam, ka guji hannunsa. To askar da ka tsaga masa baya da ita fa, mutum nawa ka ɗora wa tun ranar?"

Wanda nake yi wa askin ya miƙe da rabin kai. Ni kuwa na kasa lissafi. Har yau ban sani ba ko na cuci wani da ita.

An mai da direban ƙauyensu. Na yi ta cewa zan je in roƙi gafara, wannan mako, mako mai zuwa, kunya tana riƙe ni, har labarin rasuwarsa ya riske ni a tabarma.

Yanzu akwai maganin da ke riƙe mai cutar ya rayu, kuma ina jin masana a duniya suna ta neman rigakafi. Allah ya ba su sa'a. Amma ni abin da na koya shi ne, in mutum ya buɗe maka ciwonsa, ka riƙe bakinka, ka je ka tambayi masu sani. In kuma ka zalunce shi, ka tafi yau, don ni gobe ba ta jira ni ba.