Akwatin Mushe Illa da fentin ƙofata

Mushe Illa ya rasu, Mushe kamar yadda muke kiran malamin boko a nan. Da safen nan labarin ya iso mini, ina zaune ina jiran kunu ya huce. Jiya da la'asar aka kai shi makwanci, can ƙauyen da ya ƙare rayuwarsa, arewa da Tabaram. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Har yanzu kunun yana nan inda na aje shi.

Na ga tsofaffin ɗalibansa sun cika ko'ina da hotonsa, kowa yana yabo. Ban ga wanda ya faɗi dalilin da ya sa malami irinsa ya bar Tawa ba. Ni na sani, domin ni ne daraktan makarantar da yake koyarwa a lokacin.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun casa'in za su tuna. Jam'iyyu sun fito, kowace unguwa da tutarta, yajin aiki kuma ya rufe makarantu wata da watanni. Yara suna ta gararamba a kasuwar dabbobi. Illa ya kasa jure ganin haka. Ya samo tsohon akwatin ƙarfe, ya zuba littattafansa da waɗanda ya roƙo gida gida, ya riƙa ɗora shi a amalanke duk Laraba da Asabar zuwa gindin wani gawo da ke bayan makaranta.

Yaro ya ɗauki littafi ya karanta, sannan ya tashi ya faɗa wa 'yan'uwansa abin da ya gane, su kuma su yi masa gardama. Dokar wurin ɗaya ce: ba a cewa "haka na ji". In ka ce haka, Illa zai karkata kai ya ce: "Wa ya gani? Kai ko kakarka?"

Yana da wani tsohon madubi na ƙara girman abu. Ya sa yara su ɗebo ruwan tabki, su leƙa, su ga 'yan halittu suna wutsil-wutsil a ciki. Mata da yawa a unguwar sun fara tace ruwa da ƙyalle ne saboda fitinar 'ya'yansu.

Wata rana ya kai su kan dutse suka tsinto duwatsu masu siffar kwanson kifin ruwa. Ya ce musu ƙasarmu ta Adar ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Daga nan masu shayi suka sa masa suna. In ya wuce sai su ce: "Mushe mai teku, ina ka ɗaure jirginka?" Shi kuwa ya ce: "Bayan gidanku, ku lura mini da shi."

Ni ma ya yi mini alheri da ba na iya lissafawa. Lokacin da matata ta kwanta ciwo, shi ke zuwa ya zauna da ita a asibiti in na tafi aiki, yana karanta mata labarai har ta yi barci.

Akwatin nan ya fara tsatsa, ruwa yana shiga. Ni na ce masa ya zo ya ɗauki ragowar fentin da na shafa wa ƙofar gidana. Ya ɗauka yana godiya. Daga ni har shi babu wanda ya lura cewa launin fentin shi ne launin wata jam'iyya. Ba zan faɗi launin ba, har yau akwai masu zafin kai.

Bayan zaɓe, jam'iyyar da ke gaba da waccan ta sami iko a gari. Aka kai ƙara cewa wani malami yana tara yara ƙarƙashin launin abokan hamayya yana cusa musu siyasa. Aka kira taro a ofishi, aka kira ni a matsayin shugabansa. Illa aka bar shi waje a kan benci.

Mai jagorancin taron ya dube ni ya ce: "Darakta, kai ka san shi. Ina ya samo wannan fenti?"

Magana ɗaya ce za ta fisshe shi. In ce nawa ne, na ƙofata ne, ku zo ku gani.

Na ce ban sani ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa saboda matata na yi, don in aka tura ni daji babu asibiti. Akwai wannan. Amma kujerar darakta ma tana ciki, ina son ta.

Da na fito, Illa ya miƙe ya ce: "Ka hwaɗa musu?" Na ce na yi iya ƙoƙarina, sun ƙi ji. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce: "Allah shi saka maka."

A makon nan na sayo wani fenti na sake wa ƙofata launi.

Takardar canjin wurin aiki ta fito masa. Kafin ya tashi, samarin jam'iyya suka je gindin gawo suka kife akwatin a gaban yara. Littattafan suka watsu a gari. Babban cikin samarin ya ɓalle gilashin madubin, ya riƙa tara hasken rana da shi yana kunna taba a bakin tasha. A gindin gawon nan ya koyi dabarar, shi ma yana cikin yaran da suka zauna a can.

Bayan kwanaki na sayi ƙosai, aka ƙunsa mini a takarda mai zanen zuciyar mutum, da rubutun Illa a gefe. Na gane rubutun. Na ci ƙosan.

A shekararsa ta biyu a ƙauyen, sanƙarau ya kama 'yarsa Hadiza, wadda ta fi duk yaran gawo iya karatu. A kan amalanke ta cika, suna hanyar neman likita. Na aika da gaisuwa ta bakin wani direba, ban je ba.

Bai sake neman dawowa birni ba. Ya ce ba zai bar kabarin yarinyar ba.

Ganinmu na ƙarshe, bara waccan ne. Ya zo Tawa a duba masa ido, ya sa ɗan kabu-kabu ya kawo shi gidana. Ya tarar da ni ni kaɗai, matata ta daɗe da rasuwa, yara kowa ya kama gabansa. Ya kawo mini cuku a ƙunshe. Da ya ga haƙorana ba za su iya ba, sai ya zauna ya daka shi da kansa ya zuba mini a fura.

Ya ce: "Darakta, ka tsuhwa hwa. Wa ka share maka gida?" Na ce iska. Ya yi dariya har da tari.

Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce: "Kullum ina hwaɗa ma ɗiyana, duk Tawa kai ɗai ka buɗa baki sabo da ni rannan."

Na ce: "Illa, akwai wata magana."

Ya ce: "Bar ta sai na komo, mota na jirana. Sha hurarka."

Na bar shi ya tafi. Kuma na ji sauƙi da ya tafi, wannan ma sai na faɗa.

Ɗansa ne ya kira ni da safen nan. Ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya a fara sanar da ni kafin kowa a Tawa. Ya kira ni Baba. Na san zai karanta wannan, shi da 'yan'uwansa. Abin da mahaifinku ya faɗa muku a kaina ba haka yake ba. Ni na faɗa masa ƙarya, shi kuma ya yarda da ni har ya mutu.

Kada kowa ya yi mini ta'aziyya, iyalansa za ku yi wa.

Allah Ka ji ƙan Illa, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da Hadiza a Aljanna. Ka sa kowane harafi da ya koya wa yaro ya zame masa haske. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun gama, wanda zuciyarsa ta yarda ya roƙa mini Allah Ya sa Illa ya yafe mini ranar da za a gaya masa gaskiya.