Matar da Ke Jiran Motar Rogo

Duk wanda ya san Zoza ya san Munawwara, kurmar nan mai suyar gyaɗa da ke zama bakin hanya ranar kasuwar Rogo. Mota ba ta tsayawa ba ta miƙe ta leƙa fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya ba. Mutane suka ce taɓin hankali ne. Ƙarya suke, wallahi hankalinta ya fi na da yawansu!

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana tatata. Mahaifiyarta, Zuwaira, ita kaɗai ta iya hira da ita, da 'yan alamun da suka ƙirƙira tsakaninsu. Munawwara ba ta kai shiga makaranta ba aka ɗauki Zuwaira a mota tana naƙuda, aka nufi Rogo. Can ta cika, can danginta suka binne ta.

To, kun san halinmu, ba a faɗa wa ƙaramin yaro mutuwa, sai a ce uwarsa ta tafi unguwa. Yarinya ta ja zanin kakarta Hajo tana tambaya da ido, Hajo ta nuna mata hanya. Yaro mai ji, kwana kaɗan zai tsinci gaskiya a bakin masu gaisuwa. Ita fa, a bakin wa? Aka kai ta firamare, malam ya ce bai san yadda zai yi da ita ba. In ta ɗaga hannu za ta yi magana, Hajo ta make shi, wai hannun ne ke hana harshe sakuwa. Haka ta girma har ta aurar da ƙannenta, ba wanda ya gyara mata zancen nan.

Bara wani tela ya auro Ummi daga Karaye, kurma ce da ta yi makarantar kurame a Kano. Kullum bayan la'asar sai ta zauna gefen kaskon gyaɗa tana koya wa Munawwara maganar hannu. Da hannun Munawwara ya faɗa, abin da ta fara tambaya shi ne, “Yaushe innata za ta dawo?”

Ummi ta je ta bincika, ta dawo idanu jajur. Ta gaya mata.

Munawwara ba ta yi kuka nan take ba. Ta ce, “Wa da wa suka sani?”

“Kowa.”

Kowa fa! Gari guda, masu yi mata dariya a bakin hanya, duk sun sani. Haba jama'a, ina tsoron Allah?

Munawwara ta ce a kai ta kusa da inda uwar take kwance. Aka tambayi dangi a Rogo, ba mai tuna kabarin.

Ranar kasuwa ta zagayo, mota ta tsaya, Munawwara ba ta ko ɗaga kai ba. Ta kama hannun Ummi ta ce, “Koya mini yadda ake cewa Allah ya jiƙanta.”