Mutumin da ya fito daga rami a jiƙe

Jama'a, abin nan da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah shi ne shaidata. Shekarun baya ina shugaban leburori a wajen wani ɗan kwangila, aka ba mu aikin haƙa ramin kwalbati a bakin wani gari tsakanin Batsari da Safana. Lokacin bazara ne, rana kamar ta fasa kai, ƙasa ta bushe ƙamas.

Tun ranar farko mai gadin tankin ruwan garin, wani dattijo, ya zo ya same ni ya ce babban bututun da ke saukowa daga tanki ta nan wajen ya bi, shi dai bai san daidai inda yake ba, amma mu nemi ma'aikatan ruwa su nuna mana, su kuma rufe ruwan kafin mu zurfafa. Na kai wa ɗan kwangila maganar, ya ce ba shi da kwana ukun da zai zauna jiran wani, damina ta kusa. Katakon tokare bangon ramin ma da na roƙa, cewa ya yi ƙasar ai dutse ce. Ni kuma na sa aka ci gaba da haƙa, gaskiya ina tsoron rasa aikina.

A cikin mutanena akwai Sama'ila, mutumin Tsaskiya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, noma yake yi, rani ne ke fito da shi. Mutum ne mara hayaniya, in ya kama diga sai an ce masa ya huta.

Kwana na huɗu, gab da azahar, rami ya wuce tsayin mutum, ina zaune a gindin bishiyar bedi ina shan iska, sai ga Sama'ila ya hauro daga ramin. Wallahi tallahi jiƙe yake sharkaf, tun daga kai har ƙafa jar laka, ruwa na zuba daga rigarsa, bakinsa cike da yashi. Ya bi ta gabana a hankali, bai dube ni ba, ya ce, "Oga, ruwan nan akwai sanyi." Ya zagaya bayan katangar tankin.

To wane ruwa, a ramin da ko yawu ka tofa sai ya ƙafe? Na tashi na leƙa. Kai jama'a! Ga Sama'ila can ƙasa yana saran ƙasa, jikinsa ƙura fari fat. Ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Wannan "lafiya lau" ita ce ke cina har yau. Da na ce kowa ya fito, da sun fito, amma na ji kunyar a ce rana ta taɓa min kai. Na koma na zauna ina ta'awwuzi.

Ban fi minti goma da zama ba na ji wata ƙara kamar taya ta fashe. Diga ta sami bututun. Ruwa ya yi tsiri sama, ya ci ƙasan bangon, bangon ya zubo gaba ɗaya. Mutum biyu sun samu sun kama bakin ramin aka fizgo su, Sama'ila kuwa ƙasa ta danne shi zuwa ƙirji, muna kallo ruwa na hawa, muna tono da hannu, muna tono ƙasar na komawa. Kafin a samo mai mabuɗin rufe ruwan a kan babur, Sama'ila ya riga ya cika. Da muka ciro shi, yadda na gan shi ɗazu haka yake, har yashin bakin.

Ni na raka gawar Tsaskiya. Mahaifinsa ya riƙe hannuna yana ce min kwana ne ya ƙare, har godiya ya yi min. Ban iya dubansa ba.

Bayan sadakar uku na koma kwashe kayan aiki, ban faɗa wa kowa abin da na gani ba. Sai wata dattijuwa mai kawo mana fura ta tsayar da ni ta yi min gaisuwa, ta ce, "Ɗana, abu ɗaya ya tsaya min a rai. Ran nan na gamu da marigayin bayan tanki duk laka, na yi masa sannu bai amsa ba, sai da na iso nan na sauke ƙwarya sannan na ji ƙarar."

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce gargaɗi aka yi min. Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne, duk mai haƙa kusa da tanki ko bututu, ya nemi masu ruwan su nuna masa hanyarsa, a rufe ruwan, a tokare bango, a sa tsani. In kuma ranka ya ba ka wani abu, ka ce kowa ya fito, a yi maka dariya. Allah ya jiƙan Sama'ila. Ni dai har yau ban yarda in zauna ina fuskantar bakin rami ba.