Ajin da Muka Ɓoye a Bayan Zana

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye yawon duniya na dawo ƙauyenmu ba, mutanen gari suka ɗora mini shugabancin kwamitin makarantar firamarenmu. Hujjarsu ita ce na yi aikin tafinta a Nijar da Chadi da Sudan, ina jin Faransanci da Larabci da Turanci, don haka ni ne zan iya da ma'aikatan gwamnati. Gaskiya ni ma haka na ɗauki kaina a lokacin.

Ga wanda bai san yadda irin makarantunmu suke tafiya ba, albashin malamai daga gwamnati yake fitowa, kuma ofishin ilimi na ƙaramar hukuma shi ke turo malami, shi ke ɗauke shi. Amma alli da tsintsiya da randar ruwa da ƙofar da ta ɓalle, duk suna wuyan iyaye da kwamiti. Babban aiki kuwa, irin su rufi, sai an zo daga sama an gani da ido, sannan a zaɓi makarantun da suka fi jigata. A yankinmu ƙauye yana jin kiran sallar ƙauye, kusan kowanne da makarantarsa, kowacce kuma tana jiran a waiwaye ta.

Tamu matsalar ita ce iskar farkon damina ta yaye kwanon ginin aji biyar da aji shida, ta watsa shi a gonakin mutane. Yara suka ƙarasa shekarar a cikin kango, da zarar hadari ya haɗo sai a tashe su. Duk da haka karatu bai mutu ba. Hedimastanmu, wani mutumin Tsanyawa mai haƙuri, ya riƙe makarantar da kyau, yaranmu suna cin jarrabawar shiga sakandare, har wani tsohon ɗalibinmu ya kai makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, abin da har yau ake tinƙaho da shi a majalisa.

Wata rana hedimasta ya same ni a zaure ya ce, "Alhaji, an gaya mini a ofis, in damina ta sake faɗuwa babu rufi, za a mayar da manyan azuzuwan nan biyu babbar firamare ta cikin gari." Na san abin da hakan yake nufi. Makarantar tana tsallaken titin Ɗambatta, inda bas-bas ke gudu kamar an koro su, ga nisa. Yawancin iyaye ba za su bari ba, karatun yaran zai tsaya a aji huɗu ke nan. Jikata tana cikinsu.

Ana cikin zafin bazara sai labari ya zo cewa wata tawaga za ta zagayo duba makarantun da za a gyara. Aka yi taro a ƙofar gidan dagaci, wanda abokina ne tun muna kiwon awaki. Na miƙe na gyara malum-malum na ce kada wanda ya taɓa komai, a bar makarantar yadda take. Na ba su labarin wani ƙauye kusa da Damagaram inda na ga mutane sun fito da karyayyun bencina sun jera a bakin hanya don baƙi su fara cin karo da su. Na ce a Chadi na ga hedimastan da ya zaunar da manyan baƙi a ƙarƙashin inda rufi ke yoyo.

Dagaci ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, can ka gani. Mu nan baƙo ba ya zuwa ya tarar da mu a tsirara. Su koma su ce garin wane ko share makaranta ba sa yi?"

Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Ku ƙyale shi, ya daɗe a ƙasar Faransa, kunyar ta zube masa a hanya."

Na ce, "Ni fa ban taɓa zuwa Faransa ba, Nijar na zauna."

Ya ce, "To, da wane yare kake yi mana fankama?"

Aka kwashe da dariya, taro ya watse ba a tsayar da magana ba. Ni kuwa na tafi Kano ganin likitan ido, na ɗan kwana biyu a gidan ɗana, ina ganin ai maganata ta shiga.

Da na dawo, ashe an yi gayya. An shafe ginin ƙananan azuzuwa da farar ƙasa, an share fili tas, an aro bencina daga Islamiyya an jera. Kangon da muke kuka a kansa kuwa, an tattaro zana daga gidaje an kewaye shi ruf, an kafa dirkoki masu tsawo yadda ko saman bango ba a hangowa. A gefensa aka kafa murhun da mata za su dafa abincin baƙi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga zana a kewaye, ga hayaƙi, ga muryoyin mata, ya san wurin ba nasa ba ne, ko kallonsa ba zai yi sau biyu ba. Na tsaya ina kallon aikin nan, sabon tabarau a idona, na ce da ma likitan bai gyara mini gani ba.

Ranar da aka sa, tawagar ta iso da hantsi ya yi nisa: wakilin ofishin ilimi, da wani injiniya, da wata Hajiya mai yawan shiru da ta zo daga jiha. Yara suka yi musu waƙar maraba. Suka shiga azuzuwan da aka yi wa kwalliya, suka yi wa yara tambayoyi, yara suka amsa. Injiniya ya ce, "Ma sha Allah! Tun safe muke yawo, ba mu ga makaranta mai kyan wannan ba." Dagaci ya dube ni yana murmushi. Na ga idon injiniya ya kai kan zanar, ya ji ana daka, nan take ya kau da kai.

Hedimasta ba shi da bakin magana, ga shugabanninsa, ga mai garin da ya ba shi masauki. Saura ni. Na yi tanadin jawabi da Turanci tun a mota, har da kalmomin da na daɗe ban yi amfani da su ba. Na yi gyaran murya na ce, "Akwai dai wata 'yar matsala da…"

Dagaci ya kama gefen rigata ta baya ya riƙe gam, ya ce, "Alhaji, bari baƙi su sha fura tukuna."

Na zauna. In na yi magana na kunyata abokina kuma mai garina a gaban baƙi da talakawansa, abin da ba zai goge ba har mu mutu. In na yi shiru, rufi ya tafi wani ƙauye. Harsuna huɗu a bakina, na rasa wanda zan faɗi wannan magana da shi. Aka sha fura, direba ya fara goge gilashin mota.

Sai aka kira azahar. Maza suka miƙe za su masallaci, dagaci ya ce a raka Hajiya gidansa ta yi salla. Yayata, wadda ke wakiltar iyaye mata a kwamiti, tana tsaye da ludayi a hannu. Ta girme mu duka, shi kansa dagaci Yaya yake ce mata, don ta sha goya shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gidanka da nisa, ga rana. A wahalar da baƙuwa ga zana nan an kewaye? Taso, Hajiya." Ta ɗauki buta da tabarma ta yi gaba.

Dagaci bai hana ba. Me zai ce? Cewa wurin bai dace da mace ba, alhali shi ya mai da shi wurin mata? Muka tafi masallaci. Allah Ya yafe mini, ban san surar da na karanta a sallar nan ba.

Abin da ya faru a ciki, daga baya yayata ta ba ni labari. Ta ce Hajiya ta shiga ta ɗaga kai, sai sararin sama. Ga baƙin allo da darasin jiya a jiki, ga tubalan da yara ke zama a kai a jere. Hajiya ta ce, "Inna, nan kuma ina ne?" Yayata ta ce, "Ajin jikokinmu ne. Maza sun ce kada a nuna wa baƙi. Ni ma ban nuna miki ba, salla na kawo ki." Ta shimfiɗa mata tabarma a ɗan inuwar bango.

Da muka dawo, Hajiya ta fito tana gyara mayafi. Ta rusuna wa dagaci ta ce, "Ranka ya daɗe, mun gode da karamci. Sai dai wurin sallar matanku rana ta yi masa yawa. In ka ba da izini, injiniya ya shiga ya auna mana shi."

Dagaci ya dubi ƙasa, ya dubi yayata da ta koma kan tukunyarta kamar ba ta san zancen ba. Can ya ɗaga murya ya ce, "Mata su kauce, namiji zai shigo!"

Ba su yi mana alƙawarin komai ba, suka shiga mota suka tafi. Muka shiga jira. Duk yammacin da na ga gabas ta yi duhu sai in tuna da kangon nan. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, shiru. Hedimasta ya fara shirya yadda zai sanar da iyaye. Sai wata safiya ina gona na ji yara suna ihu, na ɗago na hango babbar mota tana tangaɗi a kan burtali, kwano yana walƙiya a bayanta. Na ajiye fartanya na zauna a kan kunya, ina kallonta. Kafin gero ya kai gwiwa an gama rufi, azuzuwanmu suka tsaya a garinmu.

Ba wai komai ya gyaru ba. Bencina sun koma Islamiyya tun washegarin zuwan baƙin, malamai har yanzu ba su ishe mu ba, alli kuma yana nan a wuyanmu. Amma jikata a ajin nan ta gama firamare, ƙannenta ma a nan.

Na daɗe ina tunanin abin. A yawona na koyi cewa mai neman taimakon hukuma sai ya buɗe ciwonsa, kuma har gobe ina kan haka. Abin da ban koya a can ba shi ne yadda za a buɗe shi ba tare da an tozarta mai shi ba. Da na yi jawabina, wataƙila da mun sami rufi, amma da na rasa aboki, kwamitin ma da ya rabe biyu. Yanzu in ruwa na dukan kwanon nan ina wucewa, ina jin yara suna bin malami da ƙarfi don su rinjayi ƙarar, sai in ji wani sanyi a raina.

Abokina dagaci kuwa har yau bai sauka daga bakansa ba. Duk lokacin da zancen ya taso a majalisa sai ya ce, "Alhaji, ka dai yarda, zanata ce ta kawo rufin nan." Ba na musu da shi. Amma na san ranar da aka kwance ta, ya mayar wa kowa tasa, ya zaɓi tasa sabuwa ya aika wa yayata, ya ce a gaya mata ta riƙe, tunda ta fi shi sanin amfaninta.