Shekarar da Kawu Khiem Bai Taka Gidan Kowa Ba

A lungunmu na Hanoi, Kawu Khiem mai aski ne. Madubinsa a rataye jikin katanga, kujera ɗaya, almakashi biyu, shi ke nan shagon. Amma ba da aski aka san shi ba, da ƙafarsa ne.

Ranar farko ta Tet, bikin sabuwar shekararmu, wanda ya fara tsallaka ƙofar gidanka shi ke shigo maka da shekarar, mai daɗi ko mai ɗaci. Shi ya sa ba wanda ke faɗawa gidan mutane sai an gayyace shi. Kawu Khiem kuwa tun saura wata guda ake rububinsa. Fuska a sake, aure lafiya, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ni kaina na taɓa yin cacar baki da maƙwabciyata kan gidan wa zai fara shiga, kuma har yau ban ba ta haƙuri ba.

Sai matarsa Nhan ta rasu ana saura wata biyu. Mai makoki ba ya shiga gidan kowa ranar Tet, kowa ya sani, shi ya fi kowa sani. Ba wanda ya gayyace shi.

Da safen nan yayyafi ake yi siriri, hayaƙin turare ya cika lungu har ba ka gane inda hazo ya fara. Na leƙa, sai ga shi cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, an goge ta tas. Yana tafiya a hankali kamar mai yawo cikin barci. Ya tsaya a kowace ƙofa, ya ɗan sunkuyar da kai, ya wuce. Tausayinsa ya kama ni, haushinmu duka ya kama ni.

"Kawu, shigo mana!"

"Haba 'yata, rufa mini asiri. In kwaso miki baƙin cikina in zube a ɗaki?"

"To ina za ka?"

"Ƙafar ce ta saba, ni bin ta kawai nake."

Na koma ciki a fusace. Na ɗauko ƙananan kujeru biyu, da butar shayi, da ƙullin shinkafar Tet a ganyenta, na dire su a tsakiyar hanya.

"Nan gidan wa ne?" na ce. "Zauna."

Ya dubi ƙofata, ya ja kujerar baya kaɗan don kada ko inuwarsa ta shiga. Na miƙa masa shayi da hannu biyu, ya karɓa da hannu biyu. Can sai ƙofofi suka fara buɗewa, kowa da kujerarsa a hannu, har da maƙwabciyar tawa.

Ya buɗe baki zai yi mana fatan alheri na shekara, sai ya dubi wandonsa da yayyafi ya fara jiƙawa.

"Da Nhan na nan," ya ce, yana share ido, "da ta ce in tashi, wandon nan sabo ne."